Ɓoyayyen Makamashi

Ɓoyayyen makamashi suna ne da masana ilimin taurari suka ba wani ƙarfi da ba a gani, wanda ke sa sararin samaniya ƙara saurin faɗaɗa. Lissafi ya nuna shi ne kusan kashi 68 cikin ɗari na duk abin da ke sararin. Taurari, duniyoyi da mu kanmu kuwa, kashi 5 kacal muka tashi da shi.

A 1929 Edwin Hubble ya nuna cewa gungun taurari masu nisa suna ta nesanta da mu, kuma mafi nisa ya fi gudu. Sararin ne da kansa ke buɗewa, kamar ƙullin fanke da aka sa wa yis yana tashi. Wannan faɗaɗa ta faro kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce, daga wani yanayi mai tsananin zafi da matsi.

An daɗe ana zaton ƙarfin da ke jan abubuwa zuwa ga juna zai rage mata gudu. Sai a 1998 rukuni biyu na masana suka auna hasken wasu taurari masu fashewa a can nesa, suka tarar hasken ya dusashe fiye da yadda aka yi tsammani. Ashe gudun ƙaruwa yake yi. Binciken ya jawo wa Saul Perlmutter, Brian Schmidt da Adam Riess kyautar Nobel a 2011.

A watan Yulin 2023 Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba na'urar hangen nesa mai suna Euclid domin nazarin ɓoyayyen makamashi.