Batirin Laftof: Nasihar da Muka Gada da Zamanin da Ya Haife Ta

Har gobe, wanda ya sayi laftof a shagunanmu da wuya ya fita ba a yi masa nasihar nan ba: kada ka jona caji sai batir ya ƙare ƙurmus, daren farko kuma ka bar shi a wuta ya kwana. Masu faɗar haka gadonta suka yi, kuma akwai lokacin da gaskiya ce. Sai dai batirin da aka yi nasihar dominsa ya daɗe da barin kasuwar laftof.

Idan muka koma 1981, za mu tarar da Osborne 1, kwamfutar da ake ɗauka da mariƙi, mai nauyin kilo kusan 11, wadda ba ta da batir a cikinta, sai an nemo mata soket. Shekara guda bayan nan kamfanin Epson na Japan ya fito da HX-20, mai yin awa kusan 50 da caji ɗaya. A 1983 kuma sai ga TRS-80 Model 100, wadda 'yan jaridar Amurka suka ƙaunata domin ƙananan batura huɗu na kanti suna kai ta awa 20. Abin sha'awa ne, amma sirrin ba a batirin yake ba. Allonsu layuka kaɗan ne na rubutu, babu haske a bayansa, babu faifai mai juyawa. Da allo ya girma, aka ƙara masa haske da launi, sai cin wuta ya ninka. Macintosh Portable ta 1989 har batirin darma irin na mota aka sanya mata, nauyinta ya kai kilo 7.

Sarkin wancan zamani shi ne batirin nikel da kadmiyam, wanda Waldemar Jungner ya ƙirƙiro a Suwidin tun 1899. Yana da juriya, yana ɗaukar wahala, amma yana da wani hali: idan aka saba mayar da shi caji tun bai ƙare ba, kullum a wuri guda, sai ƙarfinsa ya riƙa faɗuwa da zarar ya iso wurin, kamar ya manta da sauran abin da ke cikinsa. Maganin shi ne a riƙa ƙarar da shi lokaci-lokaci. Sabon batir kuma yakan buƙaci dogon caji na farko. Nan aka haifi nasiharmu. Wajen 1990 wani ɗan'uwansa mai suna NiMH ya karɓe shi, mai ɗaukar caji fiye da shi kuma marar gubar kadmiyam, amma mulkinsa a laftof bai daɗe ba.

Juyin gaske ya daɗe yana dahuwa a ɗakunan bincike. Stanley Whittingham ya fara aikin batirin litiyam a kamfanin mai na Exxon a shekarun 1970. John Goodenough a Jami'ar Oxford ya gano sinadarin litiyam da kobal a 1980, Akira Yoshino kuma ya haɗa samfurin da ba shi da haɗari sosai a 1985, sannan Sony ta kai shi kasuwa a 1991. Su ukun aka ba kyautar Nobel a 2019, Goodenough yana da shekara 97. Daga tsakiyar shekarun 1990 laftof ta koma litiyam. Yawancinmu a lokacin ne muka san ta: batir dogo a baya, a tura maɓalli biyu ya zaro, cikinsa ƙwayoyi shida ko tara da ake kira 18650, saboda kaurin milimita 18 da tsawon 65. Mai hali yakan ajiye na biyu a jaka. Ina ganin ba a taɓa kyautata wa mai saye kamar a lokacin ba.

Litiyam kuwa halinsa kishiyar na nikel ne. Ba ya mantuwa, don haka ƙarar da shi ba ya gyara komai, sai ma ya gajiyar da shi. Abin da ya fi tsufar da shi biyu ne: zafi, da daɗewa a cike maƙil, inda kowace ƙwaya ke zaune wajen bolt 4.2, wasu sinadarai na cin juna a ciki a hankali. Idan biyun suka haɗu, tsufan yakan zo da wuri. Duniya ta ga ɗaya fuskar tasa a 2006, lokacin da ɓurɓushin ƙarfe a cikin ƙwayoyin Sony ya sa wasu kwamfutoci kamawa da wuta. Dell kaɗai ta janye batura miliyan 4.1, Apple ta janye miliyan 1.8.

Sai zamanin siranta ya zo. MacBook Air ta 2008 ta rufe batir a cikin jikinta, sauran kamfanoni suka bi sahu. Apple ta ɗaga alƙawarinta daga zagayen caji 300 zuwa 1,000, zagaye ɗaya kuwa shi ne shan abin da ya kai kashi 100, ko da a zama biyu ko uku ne. Mun sami sauƙin ɗauka, mun rasa ikon canja batir da hannunmu. Daga baya kamfanonin da kansu suka amsa cewa cikar maƙil na cutarwa: Lenovo da ASUS da Dell suka sa tsarin tsayar da caji a kashi 60 ko 80, Apple ma ta kawo nata tsarin kula da lafiyar batir a 2020.

A nan yankinmu lamarin ya fi ciwo. Apple ta ce MacBook ta fi jin daɗi tsakanin digiri 10 zuwa 35, alhali bazarar Sakkwato ko Yamai takan haura 40. Yawancin na'urorinmu na hannu ne, sun riga sun ci wani rabo na zagayensu a Turai kafin su iso. Rashin tabbas na wuta kuma yakan tilasta mu cika batir duk lokacin da aka kawo, ba kuwa za a ga laifin ɗalibin da ya yi haka ba. Amma wanda ke da sola ko tsayayyiyar wuta ya kunna iyakar 80. Kowa kuma yana iya ɗauke laftof daga kan katifa don fanka ta sha iska, ya kai a share mata ƙurar hunturu, ya daina barinta a motar da aka rufe a rana. Wadda za a ajiye wata da watanni a bar ta da rabin caji. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai kuwa a daina jona shi, a kai wa mai gyara.

Wata ƙofar ma tana shirin sake buɗewa. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 cewa daga 2027 dole batirin irin waɗannan na'urori ya zama wanda mai shi zai iya cirewa ya canja. Tunda kaso mai yawa na laftof ɗinmu daga can suke zuwa, bayan 'yan shekaru dokar za ta iso shagunanmu a cikin kwantena.