Wasannin Bidiyo Da Basirar Hango Siffofi A Wajen Yara

Basirar hango siffofi ita ce iyawar mutum ya riƙe surar abu a zuci, ya juya ta, ya kuma gane yadda za ta zauna a gurbi tun kafin ya kai mata hannu. Da ita tela ke yanka yadi ba tare da ɓarna ba, da ita kuma magini ke karanta zanen gida.

Wani nazari da Jonathan Wai da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2009, bisa bayanan ɗaliban sakandare kimanin 400,000, ya nuna cewa waɗanda suka yi fice a wannan basira sun fi samun shiga fannonin injiniya, lissafi da kimiyya daga baya. A 2013 kuma David Uttal na Jami'ar Northwestern da tawagarsa suka tattara sakamakon bincike 217, inda suka gano cewa horo yana ƙara wannan basira, kuma wasannin bidiyo na cikin hanyoyin horon.

Wasan da masana suka daɗe suna gwaji da shi shi ne Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a birnin Mosko a 1984. Siffofi bakwai ne ke faɗowa daga sama, kowace an haɗa ta da murabba'i huɗu, mai wasa yana juya su yana cike layi. Dole yaro ya hango inda siffa za ta dace kafin ta iso ƙasa, kuma yana ganin sakamakon shawararsa nan take.

Shi kuwa Minecraft, na kamfanin Mojang da ke ƙasar Suwidin, wanda ya fito cikakke a 2011, gini ake yi a cikinsa da tubala masu tsawo, faɗi da tsayi. Yaro yana tsara gida, yana ƙirga tubalin da bango zai ci, yana kuma riƙe taswirar hanyar komawa a ka. Kamfanin Microsoft ya saye shi a 2014, ya kuma fitar da nau'in makarantu a 2016.

Sai dai amfanin yana da iyaka. Binciken Valerie Sims da Richard Mayer na 2002 ya gano cewa ƙwararrun 'yan Tetris sun fi wasu saurin juya siffofi irin na wasan, amma ba su fi su ba a sauran gwaje-gwajen siffofi. Don haka wasa ɗaya ba ya wadatarwa. Ana buƙatar haɗa shi da zane, naɗe takarda, gini da laka ko kara, da wasannin gargajiya irin su dara.

Akwai kuma batun lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allon waya ko talabijin, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce sa'a ɗaya a rana. Hukumar ta kuma sanya jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022.

Abin da ya rataya a wuyan iyaye da malamai shi ne zaɓen wasan da ke sa yaro juya siffa, gini ko bin taswira, da ƙayyade masa lokaci, da kuma zama tare da shi ana tambayarsa dalilin da ya sa ya ajiye kowace siffa inda ya ajiye ta.