Yadda Ake Koya wa Yara Awon Tsawo da Mita da Santimita a Jos

Awon tsawo na cikin darussan lissafi na farko da yaro ke haɗuwa da su a makarantar firamare a Najeriya. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, wato NERDC, ta tsara, ta sanya shi tun daga ƙananan azuzuwa, kuma mita da santimita su ne ma'aunin da ake koyarwa. Sai dai yaron da ke tasowa a gari irin Jos yana jin ma'auni iri uku a rana guda: na gargajiya a gida, na Turawan Ingila a kasuwa, na mita kuma a aji. Darasin yana zama a kan yaro ne idan malami ya nuna masa yadda waɗannan ukun suka danganci juna.

Ma'auni uku a gari ɗaya

Tun kafin zuwan Turawa, Bahaushe yana awo da jikinsa. Kamu shi ne daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu, da shi ake auna zane. Taƙi shi ne tazarar da ke tsakanin babban yatsa da manuni idan an ware su. Gaba ita ce daga ƙarshen hannu zuwa ƙarshen hannu idan mutum ya miƙe su, da ita ake faɗin zurfin rijiya. Fili kuwa da taku ake auna shi.

Mulkin mallaka da haƙar kuza sun kawo wa Jos inci da ƙafa da yadi da mil, kuma har yau ba su bar kasuwa ba. Masu sayar da itace a Kasuwar Katako da inci da ƙafa suke ciniki. Masu atamfa a Taminus yadi suke ƙirgawa, telan unguwa yana rubuta awon riga da inci, dillalin fili kuma yana cewa ƙafa 50 da ƙafa 100.

Ga yadda suke a ma'aunin mita: inci ɗaya santimita 2.54 ne, ƙafa ɗaya santimita 30.48, yadi ɗaya santimita 91.44, mil ɗaya kuma ya ɗara mita 1,609 kaɗan.

Asalin mita da zuwanta Najeriya

A Faransa aka ƙirƙiro mita a shekarun 1790, bayan juyin juya halin ƙasar, domin a samu ma'auni guda da ba ya sauyawa daga gari zuwa gari. An ɗauke ta a matsayin kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba duniya biyu. A ranar 20 ga Mayun 1875 ƙasashe 17 suka rattaba hannu kan yarjejeniyar mita a birnin Paris, shi ya sa ake bikin Ranar Awo ta Duniya a wannan rana kowace shekara. Tun daga 1983, ma'anar mita ita ce nisan da haske ke ci a sarari cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na daƙiƙa.

Najeriya ta koma tsarin mita a shekarun 1970, zamanin da ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, ta kuma maye gurbin fam da sule da naira da kwabo a ranar 1 ga Janairun 1973. Hikimar sauye-sauyen kuɗin da na awon iri ɗaya ce, wato lissafi da goma-goma. Milimita 10 ke ba da santimita ɗaya, santimita 100 mita ɗaya, mita 1,000 kuma kilomita ɗaya. A tsohon tsarin sai yaro ya haddace cewa inci 12 ƙafa ɗaya ne, ƙafa uku yadi ɗaya, yadi 1,760 kuma mil ɗaya.

Matakan koyarwa

Ana farawa da kwatantawa ba tare da lamba ba. Yara su jera fensir da kara da alli a kan layi guda, su faɗi wanne ya fi tsawo, wanne ya fi gajarta. Wannan mataki yana da dalili. Masanin tunanin yara Jean Piaget, ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa yaro ƙarami, idan aka ajiye masa sanduna biyu masu tsawo ɗaya aka ɗan tura ɗaya gaba, yakan ce wadda aka tura ta fi tsawo. Yawancin yara sai sun kai kimanin shekara bakwai suke gane cewa gusar da abu ba ya ƙara masa tsawo.

Daga nan sai awo da jiki. Kowane yaro ya auna teburin malami da taƙinsa, ko faɗin aji da takunsa, a rubuta amsoshin a allo. Amsoshin za su bambanta, domin hannun wani ya fi na wani. Idan malami ya tambayi wanda ya yi daidai, gardamar da za ta kaure ita ce ke sa yaran su gane da kansu cewa ana bukatar ma'aunin da kowa ya yarda da shi.

A nan ake fito da sandar mita. Makarantar da ba ta da ita za ta iya yanka gora ko igiya daidai mita ɗaya da tef ɗin tela. Yara su auna ƙofa da allo da bango, su fara cankar amsa kafin su auna. Idan suka tarar da abin da bai kai mita ba, kamar littafi, sai a gabatar da santimita da rula mai santimita 30. Milimita da kilomita, da juya wannan ma'auni zuwa wancan, sukan biyo baya a manyan azuzuwa.

Kurakuran da aka fi gani

Yara da yawa suna fara awo daga lamba 1 maimakon sifili, ko daga bakin rula alhali sifilin yana ɗan ciki. Wasu suna ƙirga layukan da ke jikin rular maimakon tazarar da ke tsakaninsu. Akwai kuma masu karanta gefen inci su rubuta santimita, ko su rubuta lamba kawai ba tare da faɗin ma'auninta ba. Hanya mai sauƙi ta gwada fahimta ita ce a ɗora fensir daga lamba 3 zuwa lamba 11. Yaron da ya ce santimita 8 ya gane awo. Wanda ya ce 11 lamba kawai yake karantawa.

Misalai daga Jos

Garin na zaune ne sama da mita 1,200 daga doron teku, kuma duwatsun Shere da ke gabashinsa sun haura mita 1,800. Raga a filin wasa na Rwang Pam, kamar ta kowane filin ƙwallo na manya, faɗinta mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44, wato yadi takwas da ƙafa takwas a tsohon awo.

Layin dogo ma darasi ne. Ƙaramin layin da ya taso daga Zariya ya iso yankin Jos a 1914 domin jigilar kuza, aka rufe shi a 1957, faɗinsa kimanin santimita 76 ne. Babban layin da ya biyo ta Kafanchan yana da kusan santimita 107, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuma santimita 143.5. Idan yara suka zana ukun a ƙasa da sandar mita, za su ga dalilin da ya sa jirgin wannan layin ba ya iya hawa wancan.

Abin da ke bayan darasin

Turmin atamfa mai yadi shida bai cika mita biyar da rabi ba, saboda haka wanda ya ɗauka yadi da mita abu ɗaya ne ya yi kuskuren rabin mita. Filin ƙafa 50 da 100 kuwa mita 15.24 ne da mita 30.48, kuma da mita safiyo ke rubuta taswirar fili. Mai saye da bai san wannan ba yana iya sa hannu a kan abin da bai fahimta ba.

A asibitoci ana auna damtsen yara 'yan wata shida zuwa shekara biyar da wani tef mai launi uku. Ƙasa da santimita 11.5, wato ja, alamar tamowa ce mai tsanani, daga 11.5 zuwa 12.5, wato rawaya, alamar matsakaiciya ce. Santimita ɗaya tak ke tsakanin ja da kore, kuma ana koya wa iyaye mata yin wannan awo a gida. Uwar da ta koyi karanta rula daga sifili tun tana aji biyu za ta iya karanta wannan tef daidai, ta garzaya da ɗanta asibiti a kan lokaci.