Tashar Medupi: Muhawarar bashin ƙasashen waje da wutar kwal a Afrika ta Kudu

A ranar 8 ga watan Afrilun 2010 ne Bankin Duniya ya amince da bai wa Eskom, kamfanin wutar lantarki na gwamnatin Afrika ta Kudu, rancen dala biliyan 3 da miliyan 750. Fiye da dala biliyan 3 daga ciki an ware su ne domin kammala tashar Medupi mai aiki da kwal, wadda aka soma ginawa a 2007 kusa da garin Lephalale da ke lardin Limpopo.

Wannan rance ya haddasa ɗaya daga cikin zazzafan muhawarori a kan rawar da kuɗin ƙetare ke takawa wajen zaɓen irin makamashin da ƙasashe masu tasowa za su dogara a kansa.

Asalin matsalar

Lokacin da mulkin wariyar launin fata ya zo ƙarshe a 1994, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na gidajen ƙasar ke da lantarki. Sabuwar gwamnati ta kai wuta miliyoyin gidaje, amma ba a gina sababbin manyan tashoshi ba.

Wata takardar manufofin gwamnati ta 1998 ta yi gargaɗin cewa buƙata za ta zarce abin da ake samarwa a wajejen 2007, kuma hakan ce ta faru. Shugaba Thabo Mbeki ya amsa a bainar jama'a cewa gwamnati ta yi kuskure da ta ƙi jin kiran Eskom. A watan Janairun 2008 ƙarancin wuta ya kai ga rufe manyan ma'adinan zinariya na tsawon kwanaki.

An tsara Medupi da injuna shida masu ƙarfin megawat kusan 4,800, sai dai rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 ya sa samun bashi a kasuwa ya yi wa Eskom wuya. Hakan ya sa aka nufi Bankin Raya Afrika, wanda ya amince da nasa rancen a 2009, daga nan kuma sai Bankin Duniya.

Hujjojin masu goyon baya

Ministan kuɗi na lokacin, Pravin Gordhan, ya kafa hujja da cewa ƙasarsa na da kwal mai yawa kuma mai araha, kana babu wata hanya da za ta ba da wuta mai yawa haka cikin gaggawa. Mataimakiyar shugaban Bankin Duniya mai kula da Afrika, Obiageli Ezekwesili 'yar Nijeriya, ita ma ta kare rancen, inda ta danganta samun wuta da yaƙi da talauci.

Magoya bayan sun kuma tunatar da cewa maƙwabta irin su Botswana da Lesotho da Namibiya suna sayen wuta daga Eskom. Wasu kuma suka ce ba adalci ba ne ƙasashen da suka gina masana'antunsu da kwal su hana wasu bin wannan hanya.

Hujjojin masu adawa

Ƙungiyoyin kare muhalli irin su groundWork da Earthlife Africa sun ce tashar za ta riƙa fitar da hayaƙi mai ɗumama yanayi da ya kai tan miliyan 25 ko fiye a kowace shekara, kuma za ta ƙara matsin lamba a kan ruwa a yankin da yake da ƙarancinsa.

Sun kuma yi tambaya a kan wanda zai ci moriyar wutar. A farkon 2010 hukumar ƙayyade farashi ta amince da ƙarin kuɗin wuta na kimanin kashi 25 cikin 100 a kowace shekara har shekara uku, alhali masana'antun narka alminiyom na kamfanin BHP Billiton suna samun wuta da rahusa bisa tsofaffin yarjejeniyoyi.

Akwai kuma batun siyasa: Chancellor House, kamfanin zuba jari na jam'iyyar ANC mai mulki, a wancan lokacin yana da kashi 25 cikin 100 na reshen kamfanin Hitachi na Japan da ya sami kwangilar tukwanen tururin tashar. A 2015 Hitachi ya biya dala miliyan 19 ga hukumar kula da hannayen jari ta Amurka domin rufe shari'ar, ba tare da amsa laifi ko musantawa ba.

A ranar yanke shawara, Amurka da Birtaniya da Holan suna daga cikin ƙasashen da suka ƙaurace wa jefa ƙuri'a.

Abin da ya biyo baya

Injin farko bai fara aiki ba sai a 2015, shekaru bayan wa'adin da aka ɗiba, na ƙarshe kuwa sai a watan Yulin 2021. Kwanaki kaɗan bayan haka inji na huɗu ya yi bindiga, kuma bai koma aiki ba sai a 2025. Yajin aiki da matsalolin walda da kurakuran zane na daga cikin dalilan jinkirin.

Aikin da aka ƙiyasta a kan rand biliyan 80 ya cinye rand biliyan 122 ya zuwa 2021, a cewar Eskom. An kuma yi ta ɗage sanya na'urorin tace hayaƙi, waɗanda ke cikin sharuɗɗan rancen.

Bashin Eskom ya haura rand biliyan 400, har gwamnati ta ɗauke masa nauyin rand biliyan 254 a 2023. A wannan shekarar ce aka fi fama da ɗauke wuta a tarihin ƙasar, sama da kwana 300, kafin al'amura su inganta daga watan Maris na 2024.

Masu ba da bashi sun sauya hanya

A 2013 Bankin Duniya ya ce ba zai ƙara tallafa wa sababbin tashoshin kwal ba sai a yanayi na musamman. A watan Satumban 2021 Shugaba Xi Jinping ya shaida wa Majalisar Ɗinkin Duniya cewa China, wadda bankinta na raya ƙasa shi ma ya ranta wa Eskom kuɗi domin Medupi, za ta daina gina irin waɗannan tashoshi a ƙasashen waje.

A taron sauyin yanayi na Glasgow a watan Nuwamban 2021, Amurka da Birtaniya da Faransa da Jamus da Tarayyar Turai suka yi alkawarin dala biliyan 8 da rabi domin taimaka wa Afrika ta Kudu ta rage dogaro da kwal. Akasarin kuɗin bashi ne, abin da bai yi wa hukumomin ƙasar daɗi ba. A 2022 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 497 domin mayar da tsohuwar tashar kwal ta Komati cibiyar makamashin rana da iska. Amurka ta janye daga shirin na Glasgow a 2025.

Har yanzu kwal ne ke samar da mafi yawan wutar Afrika ta Kudu, kuma kimanin mutum 90,000 ne ke aiki a ma'adinansa, galibi a lardin Mpumalanga. Ƙungiyoyin ƙwadago na neman tabbacin aikin yi kafin a rufe wata tasha, yayin da masu fafutukar muhalli ke cewa lafiyar mazauna kusa da tashoshin ba za ta iya jira ba.