Kabarin Nana Hauwa'u a Jidda: Daga Ina Labarin Ya Taso?

Alhajin da ya kammala aikin Hajji ya sauko Jidda yana jiran jirgin komawa gida, in har ya samu sararin zagaya tsohon gari, wanda mutanen wurin ke kira Al-Balad, da wuya ya fito ba a nuna masa wata doguwar katanga a unguwar Ammariyya an ce masa nan ce maƙabartar Uwarmu Hauwa'u ba. Kakanninmu da suka bi ta Borno da Wadai da Sudan a ƙasa, suka tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin, sun dawo gida da wannan labari, har ya zauna a bakin mutane: Nana Hauwa'u a Jidda take kwance, kuma kabarinta dogo ne na ban mamaki. To wa ya fara faɗin haka, kuma yaushe? Amsar tana warwatse cikin littattafan matafiya na kusan shekara dubu. In aka jera su bi da bi, sai a ga yadda zancen ya riƙa ƙaruwa.

Alƙur'ani bai ambaci sunan Hauwa'u ba, matar Adamu kawai ya ce, sunan daga hadisi muka same shi. Ya faɗi an sauko da su duniya, amma bai faɗi inda suka sauka ba, balle inda aka binne su. Babu kuma ingantaccen hadisi da ya ce ga kabarinta. Inda sunan Jidda ya shigo shi ne ruwayoyin masu tarihi. Ɗabari, wanda ya rasu a 923, ya kawo ruwayar cewa Annabi Adamu (AS) ya sauka a kan wani dutse a tsibirin Sarandib, ita kuma Hauwa'u ta sauka a Jidda, suka yi ta neman juna har Allah ya haɗa su a wajen Arfa da Muzdalifa. A lura da kyau, sauka aka ce, ba rasuwa ba. Shi Ɗabarin ne kuma ya kawo wata ruwayar cewa ta yi shekara guda bayan mijinta sannan ta bi shi, aka binne ta kusa da shi a wani kogo a dutsen Abu Ƙubais na Makka. Ke nan ko a cikin waɗannan ruwayoyi, waɗanda malamai ba su ɗauke su hujja ba, kabarin ba a Jidda yake ba.

Sarandib ita ce Siri Lanka ta yau, kuma dutsen yana nan, tsayinsa mita 2,243. A ƙolinsa akwai wani gurbi mai kama da sawun ƙafa, an gina ɗakin bauta a kansa. Mabiya Buda sun ce sawun Buda ne, 'yan Hindu sun ce na Shiba ne, Musulmi suka ce na Adamu ne. Ibn Batuta ya hau shi a 1344, yana kama sarƙoƙin ƙarfe da aka kafa wa masu hawa, ya kuma ba da labarin hanyoyi biyu zuwa ƙoli, ɗaya ta Baba, ɗaya ta Mama. Haka halin mutane yake, in labari ya yi musu daɗi sai sun nema masa wurin da za a tsaya a nuna da yatsa. Da Adamu ya samu dutsensa, dole a nema wa Hauwa'u nata wurin.

Jidda kuwa ta dace da haka, domin tun da Halifa Usman ɗan Affan (RA) ya mai da ita tashar jiragen ruwan Makka a shekara ta 26 bayan Hijira, a madadin Shu'aiba, baƙi ba su yanke mata ba. Amma matafiyin Farisa Nasir Khusrau, da ya ratsa ta a 1050, ya siffanta ganuwarta da ƙofofinta biyu, ɗaya ta fuskar Makka ɗaya ta fuskar teku, ya yabi kasuwanninta, ya ce a bayan gari babu wani gini sai masallaci guda da ake jingina shi ga Manzon Allah (SAW). Mutum ne mai ƙwaƙƙwafin wuraren ziyara, kuma bai ce komai a kan Hauwa'u ba. Shirun mutum ɗaya ba hujja ba ne, tun da iyakar garin a lokacinsa ba ita ce ta daga baya ba. Duk da haka abin lura ne.

Bayan shekara 133, a 1183, Ibn Jubair na Andalus ya sauka Jidda, ya ga wata tsohuwar ƙubba mai tsayi. Abin da aka gaya masa shi ne nan ne masaukin Hauwa'u lokacin da ta nufi Makka, aka yi ginin don a shaida wurin. A ganina nan ne bakin zaren. Masauki aka ce masa, kuma wannan ya yi daidai da ruwayar Ɗabari. Ba a yi rabin ƙarni ba sai ga Ibn Mujawir yana kiran wurin kabari kai tsaye, yana cewa saboda shi aka sa wa garin suna, domin jadda a Larabci kaka ce. Masana irin su Yaƙut Hamawi, wanda ya yi zamani da shi, ba a kan haka suke ba: Judda suka rubuta, suka danganta sunan da gaɓar teku. Amma wane alhaji ne zai bar labarin kakar 'yan Adam ya riƙe na gaɓar teku? Ƙubba a ƙasashen Musulmi galibi a kan hubbare ake ganinta, don haka baƙon da ya ga ƙubba aka ambata masa Hauwa'u, ba ya bukatar a ce masa kabari ne.

Sauran tsawon. Burckhardt, mutumin Siwizalan da ya zauna a Jidda a 1814, bai je wurin da ƙafarsa ba. An dai gaya masa wani ɗan gini ne na dutse da bai wuce ƙafa huɗu ba. Richard Burton ɗan Ingila, wanda ya yi shigar Musulmi ya shiga Makka a 1853, shi ya je ya auna. Ya tarar da gajerun katangu biyu a jere, tsakaninsu kamar taku 6, kai yana kudu ƙafafu suna arewa, fuska tana kallon alƙibla. A tsakiya ga 'yar ƙubba da aka shafe da farar ƙasa, a cikinta an kafa wani dutse mai kusurwa huɗu da aka sassaƙa, ana cewa nan ce cibiya. Mai ziyara ya sumbaci dutsen, ya yi addu'a a nan, ya yi a wajen kai, ya miƙa wa mai tsaron wurin abin da ya samu. Daga kai zuwa ƙugu Burton ya ƙirga taku 120, daga ƙugu zuwa diddige taku 80. Ina kyautata zaton abin da aka siffanta wa Burckhardt wannan dutsen tsakiyar ne kawai, ba wai kabarin ya yi tsiro cikin shekara 39 ba.

Lissafin kansa ya isa ya tsayar da mai hankali. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ce tsawon Annabi Adamu kamu 60 ne, wato kusan mita 30. Marubucin Masar Muhammad Labib Batanuni, wanda ya raka mai mulkin ƙasarsu, Khedibi Abbas Hilmi na biyu, Hajji a 1909, ya ƙiyasta tsawon kabarin da mita 150. Matar ta ninka mijinta sau biyar ke nan. Jidda ba ita kaɗai ke da irin wannan ba: akwai dogon kabarin da ake jingina wa Annabi Nuhu a Karak Nuhu cikin kwarin Biƙa na Labanon, da na Daniyalu a Samarkand mai mita 18. Maginan sun ji an ce mutanen farko manya ne, suka ja katanga gwargwadon tunaninsu.

Batanuni ya yi wani zato daban, cewa wataƙila wurin tsohon ɗakin tsafi ne na zamanin jahiliyya da aka sake masa suna. Akwai abin da zai sa mutum ya yi wannan tunani, domin Ibn Kalbi a littafinsa na gumaka ya ambaci wani dogon dutse mai suna Sa'ad da wasu 'yan ƙabilar Kinana ke bauta wa a gaɓar Jidda. Sai dai babu abin da ya haɗa wancan dutse da wannan fili, don haka ban ga dalilin warware zato ɗaya da wani zaton ba.

Sharifin Makka Aun Rafiƙ, wanda ya yi mulki daga 1882 zuwa 1905, ya so ya rushe ƙubbar. Labarin da ake bayarwa shi ne ƙananan jakadun ƙasashen waje da ke Jidda suka shiga tsakani, suka ce Hauwa'u ba uwar Musulmi kaɗai ba ce, uwar kowa ce, sai ya ƙyale ta. Da Jidda ta shiga hannun Sarki Abdul'aziz a Disamba 1925, ba a daɗe ba aka rushe ƙubbar da katangun, saboda gudun abin da ake yi a wurin na shafa da neman tabarruki. A 1975 aka rufe gurbin da kankare.

Ni ban ga asara a rashin ƙubbar ba, ina dai ganin asara a yadda alhazanmu ke zuwa bakin wannan katanga su juya, alhali 'yar tafiya kaɗan ce tsakaninsu da tarihin da yake tabbatacce. Ganuwar da Husaini Kurdi ya gina bisa umarnin Sarkin Masar Ƙansuh Guri, wadda jiragen yaƙin Fotugal suka kasa ci a 1517, an rushe ta a 1947, amma an sake tayar da wasu ƙofofinta irin Ƙofar Makka. Gidajen dutsen murjani masu tagogin katako da ake kira rawashin suna nan, har da Gidan Nasif inda Sarki Abdul'aziz ya sauka, da Masallacin Shafi'i, da kasuwar Alawi, kuma UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. A bayan wannan ganuwar ce takari, mutanenmu da suka zo a ƙasa, suka kafa bukkokinsu suna dako da jan ruwa don tara kuɗin ƙarasawa Makka ko na komawa gida. Ita kuwa maƙabartar Ammariyya, maƙabarta ce ta gaske da aka daɗe ana binne Musulmi a cikinta, 'yan gari da baƙi, kuma wanda ya je ya yi musu sallama da addu'a yadda sunna ta koyar bai yi tafiyar banza ba.