Korona da Malaman Amurka: Yadda Aka Yanke Kuɗin Makarantu, da Wanda Ya Ji a Jikinsa

Yau za mu leƙa Amurka, mu duba wani ɓangare na tarihin annobar korona da ba a cika kawo shi ba. Kowa ya tuna takunkumi da zaman gida. Amma me ya faru da kuɗin makarantun gwamnati a shekarar 2020, kuma su wa aka sallama daga aiki? Ku gyara zama, domin labarin ya faro tun kafin korona da shekaru masu yawa.

Da farko sai mun fahimci inda makarantar gwamnati a Amurka take samun kuɗinta. Mutane da yawa suna ɗauka Washington ce ke biyan malamai. Gaskiyar ita ce, a shekarun da suka gabaci annobar, abin da gwamnatin tarayya ke sakawa bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Sauran ya rabu kusan biyu: rabi daga gwamnatin jiha, rabi daga harajin da ake karɓa a cikin gundumar, musamman harajin gidaje da filaye. Ƙasar tana da gundumomin ilimi kusan 13,000, kowacce da hukumarta da kasafinta.

To kun ga inda gizo ke saƙa. Unguwar da gidajenta ke da tsada tana tara haraji mai yawa, makarantarta ta wadata. Unguwar talakawa kuwa, ko ta ɗaga harajin, abin da za ta tara kaɗan ne, sai ta dogara ga abin da jiha za ta turo mata. Wani uba mai suna Demetrio Rodriguez, daga gundumar Edgewood a birnin San Antonio na jihar Teksas, ya kai ƙara tare da wasu iyaye a 1968 kan wannan bambanci. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai 5 suka rinjayi 4, cewa tsarin mulkin tarayya bai lamunce ilimi a matsayin haƙƙi na asali ba. Tun daga nan aka bar wa kowace jiha ta ji da nata. Ku riƙe wannan, domin shi ne zai bayyana mana wanda wuƙa ta fi yanka a 2020.

Akwai kuma wata doka. Kusan dukkan jihohin Amurka an wajabta musu daidaita kasafinsu duk shekara, ba su da damar cin bashi don biyan albashi kamar yadda gwamnatin tarayya ke yi. Idan haraji ya faɗi, dole a yanke. Ilimi yana cikin manyan abubuwan da jiha ke kashe wa kuɗi, sannan kusan kashi 80 cikin 100 na kasafin makaranta albashi ne da haƙƙoƙin ma'aikata. Saboda haka duk wanda ya ce zai rage kuɗin makaranta sosai, ma'aikata yake nufi, ko ya faɗa ko bai faɗa ba.

An taɓa ganin haka a 2008, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Gwamnatin Barack Obama ta kawo tallafi a 2009 wanda ya ware wa ilimi kusan dala biliyan 100, aka ƙara biliyan 10 a 2010 don riƙe malamai a bakin aiki. Tallafin ya jinkirta matsalar, amma da ya ƙare sai sallama ta biyo baya. Zuwa 2012 makarantun gwamnati sun rasa guraben aiki wajen 300,000. Har zuwa 2015, jihohi 29 suna kashe wa kowane ɗalibi ƙasa da abin da suke kashewa a 2008 idan aka cire hauhawar farashi. A Oklahoma, gundumomi da dama suka koma karatun kwana huɗu a mako don rage kashe kuɗi.

Tura ta kai bango a 2018. Malaman jihar West Virginia suka rufe makarantu a ƙananan hukumomi 55 na jihar baki ɗaya, kwana tara na karatu, har aka ba su ƙarin albashi na kashi 5 cikin 100. Malaman Oklahoma da Arizona suka bi sahu. Masanin tattalin arziki Kirabo Jackson da abokan aikinsa sun bi diddigin waɗannan shekaru, suka gano cewa inda aka fi yanke kuɗi, sakamakon jarrabawar yara ya ragu, kuma masu wucewa jami'a sun ragu. Wato a lokacin da korona ta iso, makarantun ba su gama farfaɗowa daga bugun farko ba.

Yauwa, mu shigo 2020. Zuwa ƙarshen watan Maris, kusan duk makarantun gwamnati sun rufe, yara wajen miliyan 50 suna gida. A watan Afrilu kaɗai mutum fiye da miliyan 20 suka rasa aiki a ƙasar, rashin aikin yi ya haura kashi 14 cikin 100. Shaguna a rufe, ba harajin ciniki. Ma'aikata a gida, harajin albashi ya ja baya. Kuma yawancin jihohi suna fara sabuwar shekarar kasafi ne ranar 1 ga Yuli, don haka sai da suka rubuta kasafi a tsakiyar duhu, ba wanda ya san yaushe abin zai lafa.

Alƙaluman hukumar ƙididdigar ayyuka ta Amurka sun nuna cewa a Afrilu da Mayu na 2020, ɓangaren ilimi na ƙananan hukumomi ya rasa guraben aiki fiye da 700,000. A wata biyu an ninka abin da aka rasa cikin shekaru huɗu bayan 2008. Amma a nan akwai abin lura. Yawancin waɗanda aka fara sallama ba malaman da ke da cikakken kwantiragi ba ne. Direbobin motocin ɗaukar yara ne, da masu dafa abinci, da masu shara, da mataimakan malamai, da malaman riƙon ƙwarya da ake biya a kan kowace rana. Su ne masu ƙaramin albashi, su ne kuma ba su da kariya.

Da bazara ta shigo sai abin ya kai ga malaman aji. Jihar Jojiya ta yanke kusan dala miliyan 950 daga kuɗin makarantunta a watan Yuni. A garin Brookline na jihar Massachusetts an miƙa wa malamai fiye da 300 takardar sallama a watan Mayu, daga baya aka janye mafi yawansu bayan iyaye da malamai sun yi ca. A jihar New York, Gwamna Andrew Cuomo ya yi gargaɗin cewa idan Washington ba ta kawo ɗauki ba zai riƙe kashi 20 cikin 100 na tallafin makarantu, kuma ya fara riƙe wani ɓangare. Gundumar Schenectady ta sallami ma'aikata fiye da 400 daf da komawa makaranta a Satumba. Albany, babban birnin jihar, ta soke gurabe fiye da 200.

Me ya sa Schenectady da Albany, ba unguwannin masu hali da ke kewaye da su ba? Ku tuna shari'ar Rodriguez. Gundumar da ke samun yawancin kuɗinta daga harajin gidajenta, idan jiha ta riƙe kashi 20 na ɗan abin da take ba ta, ƙaiƙayi ne. Gundumar da jiha ce ke ɗauke da yawancin kasafinta, kashi 20 ɗin nan shi ne albashin ɗaruruwan mutane. A takarda yankan daidai wa daida ne, a aji kuwa yaran talakawa ne suka biya. Sannan a wurare da yawa ƙa'idar sallama ita ce wanda ya shigo ƙarshe shi ne zai fara fita. Sababbin malamai kuma sun fi yawa a makarantun unguwannin talakawa, sai bugun ya zama biyu.

To gwamnatin tarayya fa? Ta kawo kuɗi har sau uku, ta wani asusu da ake kira ESSER. A Maris 2020, ƙarƙashin dokar CARES, dala biliyan 13.2. A Disamba 2020, biliyan 54.3. A Maris 2021, bayan Joe Biden ya hau mulki, biliyan 122. Jimilla kusan dala biliyan 190, kuma an raba ta yadda gundumomin da ke da yaran talakawa za su fi samu. Sai dai a zagayen farko wasu jihohi sun yi wayo. New York ta rage nata tallafin da fiye da dala biliyan 1, daidai da abin da tarayya ta turo. Teksas ma ta yi amfani da kuɗin wajen cike gurbin nata kason. Abin da aka ba makaranta da hannun dama, an karɓe da hannun hagu.

Abin mamaki, zuwa 2021 harajin jihohi da yawa ya farfaɗo fiye da yadda aka zata, saboda tallafin da tarayya ta raba wa jama'a da kuma masu babban albashi da suka ci gaba da aiki daga gida. Kuɗi ya dawo, amma mutanen da aka sallama da yawa ba su dawo ba, sun kama wasu sana'o'in. A Satumba 2021 Gwamna Charlie Baker na Massachusetts sai da ya kira dakarun tsaron jiha su tuƙa motocin ɗaukar 'yan makaranta. A Janairu 2022 jihar New Mexico ta nemi dakarunta su shiga aji a matsayin malaman riƙon ƙwarya, gwamnar jihar, Michelle Lujan Grisham, ita ma ta shiga aji ta koyar. Sallamar direba aikin rana ɗaya ne, samun wani da lasisi da horo kuwa sai an yi watanni.

Su kuma yaran? A jarrabawar auna ilimi ta ƙasa ta 2022, makin lissafi na 'yan shekara 9 ya faɗi da maki 7, karo na farko da ya taɓa faɗuwa tun da aka fara gwajin a shekarun 1970. Yaran da dama suke baya su ne suka fi faɗuwa. Rufe makarantu na tsawon lokaci yana cikin manyan dalilai, amma a lokacin da yaro yake buƙatar ƙarin malami da mai ba da shawara, a lokacin aka rage su. Wa'adin tsayar da inda za a kashe kuɗin ESSER ya cika ranar 30 ga Satumba 2024, gundumomi da dama suka sake fuskantar rage ma'aikata, tamkar yadda aka yi bayan tallafin 2009.

Mu ma annobar nan ba ta tsallake mu ba. An rufe makarantun Najeriya a Maris 2020, malaman makarantun kuɗi da yawa suka yi watanni ba albashi, domin albashinsu daga kuɗin makarantar yara yake fitowa. Gwamnatin tarayya ta sake kasafin 2020, ta sauke ƙiyasin farashin gangar mai daga dala 57 zuwa 28. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗaure kuɗin hukumar UBEC ne ga kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, don haka da kuɗin shiga ya faɗi, kason firamare da ƙaramar sakandare ya bi shi ƙasa.

Shi ya sa idan ana maganar kasafin ilimi, tambayoyin da ya kamata matashi ya riƙa yi su ne: daga ina kuɗin yake fitowa, me zai faru ranar da wannan hanya ta toshe, kuma wace makaranta ce za ta fara jin jiki? A Brookline iyaye sun san amsar, suka taru da wuri, aka janye takardun sallama. Ku nemi kasafin jiharku na bana, ku duba layin ilimi, ku kwatanta abin da aka ware da abin da aka saki bara, sannan ku faɗa mana abin da kuka gani.

Nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.