Kaifi da Jijiya: Nazarin Sauyin Ma'ana a Sifofin Ingilishi Masu Nuna Fargaba, Kaifi da Ƙarfin Hali

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci sifofin Ingilishi huɗu: edgy, keen, nervous da nervy. Manufarta ita ce gano dalilin da ya sa kalma guda take nuna fargaba a wata jimla, ta koma nuna ƙarfin hali a wata. An bi tarihin kalmomin ta ƙamusoshi, aka kwatanta Ingilishin Birtaniya da na Amurka. An gano cewa ma'anonin sun tsiro ne daga hotuna biyu, bakin wuƙa da jijiya, kuma sunan da sifar ke siffantawa da karin harshen mai magana su ne ke tantance abin da ake nufi.

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya buɗe ƙamus yana neman edgy zai tarar da ma'anoni uku: mai kaifi, mai ɗar-ɗar, da mai ƙetare iyakar abin da aka saba. Ƙamus yakan jera su da lambobi ba tare da ya bayyana dangantakarsu ba, sai ɗalibi ya haddace su tamkar kalmomi uku. Wannan giɓi ne maƙalar ke son cikewa. An ɗora nazarin a kan ra'in siffantawa da George Lakoff da Mark Johnson suka gabatar a 1980, wanda ke cewa ɗan Adam yana fahimtar abin da ke zuci ta hanyar abin da jiki ke taɓawa.

2.0 Sifofin da Suka Tsiro Daga Kaifi

Tushen edgy shi ne edge, wadda a tsohon Ingilishi ake rubuta ta ecg, ma'ana bakin takobi. Da aka liƙa mata ɗafa-ƙeyar -y sai ta zama sifa. A ƙarni na 18 tana nufin abu mai kaifin gefe. A ƙarni na 19 ta fara siffanta mutumin da hankalinsa ba kwance ba, wanda abu kaɗan ke hasala shi. Zuwa ƙarshen ƙarni na 20 ta sami ma'ana ta uku a bakin masu sharhin fina-finai, kiɗa da sutura: aikin da ya tsaya a bakin iyaka, bai ji tsoron ɓata wa wasu rai ba.

Sunan da ke biye da sifar ne ke warware rikicin. A an edgy driver, direba ne ake cewa yana cikin zullumi. A an edgy film kuwa, fim ne ake yaba wa da ƙarfin hali. Idan mutum ake siffantawa, musamman bayan aikatau irin feel, fargaba ce ta fi rinjaye; idan aikin fasaha ne, sai ma'anar ta karkata ga bajinta.

Ita keen ta bi hanyar ne a juye. Tsohuwar sigarta cēne tana nufin jarumi, kuma 'yar'uwarta kühn a Jamusanci har yau ma'anarta ke nan. Daga jarumta ta koma kaifin wuƙa, ta kuma shiga kaifin gani da na basira da ɗoki. Bahaushe ba zai sha wahala a nan ba, domin shi ma yana cewa kaifin basira. Inda harsunan suka rabu shi ne Hausa ba ta ɗaukar kaifi ta kai shi ga tsoro.

3.0 Sifofin da Suka Tsiro Daga Jijiya

A Latin, nervus tana nufin jijiya, tana kuma nufin tsarkiyar baka da ta kayan kiɗa. Saboda haka nervous ta daɗe tana nufin ƙaƙƙarfa. A ƙamus ɗinsa na 1755, Samuel Johnson ya sa ƙarfi a matsayin ma'ana ta farko, ya ɗauki ma'anar raunin jijiyoyi a matsayin zaurancen likitoci. Littafin likita George Cheyne, The English Malady, na 1733 yana cikin ayyukan da suka yaɗa batun cututtukan jijiya a Ingila. Sannu a hankali ma'anar likitoci ta ture ta asali, har ta kai yau idan aka siffanta mutum da nervous, ma'anar fargaba ake fahimta.

Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, ta maƙale a sunan nerve. Wanda aka ce ya rasa nerve, zuciyarsa ce ta karaya. Wanda aka ce yana da ita, ko dai jarumi ne ko mai tsaurin ido. Daga nan nervy ta rabu gida biyu. A Birtaniya, a nervy child yaro ne mai saurin firgita. A Amurka, furucin nan yana iya nufin yaro mai tsaurin ido. Kalma ɗaya ta zama kishiyar kanta. Hoton tsarkiya ya bayyana dalili: idan an ɗaure ta tamau tana harba kibiya nesa, amma a lokacin ne ta fi kusa da tsinkewa.

4.0 Sakamakon Bincike

Na farko, fargaba da ƙarfin hali a Ingilishi reshe biyu ne na hoto guda, ko na bakin wuƙa ko na jijiya. Na biyu, sunan da ake siffantawa ne ke zaɓar ma'anar edgy. Na uku, karin harshe ne ke zaɓar ma'anar nervy. Wannan ya shafi ɗalibanmu kai tsaye, domin a aji Ingilishin Birtaniya ake koya musu, a intanet kuma da na Amurka suka fi cin karo.

5.0 Kammalawa

Mai fassarar da ya mayar da an edgy film zuwa fim mai fargaba ya mai da yabo zargi. Don haka maƙalar tana kira ga malaman Ingilishi da masu tsara ƙamus na Ingilishi zuwa Hausa da su riƙa kawo kowace sifa tare da sunan da take rakiya, su kuma nuna ƙasar da ake amfani da kowace ma'ana.